Farar Shaddar Baba a Tsakiyar Teku

Ana idar da sallar asuba muka kulle ƙofar gidanmu da ke Wangsa Maju, ni da maiɗakina. Akwati biyu muka ɗauka. Babban na kayanmu ne gaba ɗaya. Ƙaramin kuwa babu komai a cikinsa sai babbar riga ɗaya, da 'yar cikinta, da wando, da hula. Shi ban yarda an sa shi a bayan mota ba. A kan cinyata ya yi tafiyar.

Kafin in ci gaba dole in faɗi asalin rigar, domin saboda ita aka yi tafiyar. Ni ma'ajin kaya ne a wata ma'aikata a Kano, karatuna a sakandare ya tsaya. Maiɗakina ce mai zurfin karatu. Ita aka turo Malesiya ta yi digiri na uku, ni kuma na ɗauki hutun aiki na rako ta. Ranar da muka je sallama, mahaifinta ya sa aka fito da farar shadda mai aikin hannu, ta sha bugu, tana ɗaukar ido. Ya ce, “Wannan za ka sa ranar da za a tara mutane a ba Uwata shaidar karatunta. Ku tsaya tare a ɗauke ku, a aiko min.” Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Na karɓa da hannu biyu, na ce in sha Allahu. Da muka iso na naɗe ta a leda, na sake sa wata ledar, na ɗaure, na kulle a akwati. Duk Bahaushe ya san ba a warware sabuwar shadda kafin ranarta. Ƙyallin bugu da karin ninki su ne darajarta, kuma sau ɗaya ake samunsu.

Sai annoba ta zo, aka kulle gari. Ta gama karatun a cikin kullen. Bikin yaye su a kwamfuta aka yi shi. Sunanta ya gilma a allo tana zaune a falo da zanin gida, tukunyar shinkafa tana tafasa a bayanta. Tun daga nan duk wayar da muka yi da Baba sai ya ce, “Ina hoton?” Ƙanenta kuma ya faɗa mana cewa ganin Baba yana raguwa, sai ya kai waya daf da hancinsa yake gane fuska. Maiɗakina ta ce mu shirya a falo kawai mu ɗauka. Na ƙi. Baba cewa ya yi a tara mutane, labule da firij kuwa ba mutane ba ne.

Mafita ta zo ne daga wani Bazazzage abokina, ɗalibi, da ke zaune da matarsa a Taman Melati. Ya ce an sassauta doka, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sun dawo aiki, kuma saboda suna neman fasinja farashin ya faɗo ƙasa. Ya ce akwai dare ɗaya da kowa yake cin ado na gaske, maza da kwat, mata da kayan biki, kyaftin ɗin jirgi ya fito a yi hoto da shi. Na tambaye shi ko mutane suna da yawa. Ya ce, “Sun fi na kasuwar garinku, kuma su ba sa ihu.” Na ce to wannan taro ne. Muka yanki tikiti mu huɗu.

Mun ɗauke su a Taman Melati gari yana fara haske. Hanyar zuwa Port Klang, inda tashar jirgin take, shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai manyan motocin kaya sun cika ta. Mun tsaya a wani shagon mamak, wato na Musulmin Indiya, muka sha shayin madara mai kumfa da roti, wata irin gurasa tasu. Ringit kaɗan ne kuɗin, ko da yake mai shagon ya yi ta kukan cewa komai ya tashi tun bayan kulle. Bazazzagen ya sa aka ƙulle masa nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a leda. Na ce masa jirgin da za mu shiga abinci kyauta ne. Ya ce shi bai taɓa yarda da kyautar da Bakano ya yaba ba.

A tashar, abu na farko layi. Na biyu, a nuna shaidar rigakafi a waya. Na uku, gwajin hanci. Wannan ne abin tsoron, don duk wanda aka samu da cutar sai ya juya gida, har da wanda suka zo tare. Muka zauna a kujeru nesa da juna, kowa da takunkumi. Wani yaro ya yi tari, sai na ga duk zauren ya waiwaya. Da aka kira mu aka ce lafiya lau, maiɗakina ta damƙe hannun matar Bazazzagen suna dariya kamar yaran da aka tashi daga makaranta. Ni ma, gaskiya, sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Abu na huɗu binciken kaya. Nan aka karɓe dutsen gugar da Bazazzagen ya ɓoye a cikin tawul, aka ce sai mun dawo. Haka kaskon turaren wutar matarsa. Ba a yarda da duk abin da zai iya tayar da gobara ba. Na ji daɗin wannan doka, na kuma faɗa masa cewa mai riga a ninke ba ya bukatar dutsen guga.

Jirgin kuwa, jama'a, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Dogon benen da muke ciki a Wangsa Maju ne aka kwantar a kan ruwa, aka ƙara masa wani a gefe. A ciki akwai kantuna, da wurin ninkaya, da ɗakin kallo, da ɗakunan cin abinci da ban gama zagaya su ba. Ko'ina an ajiye man wanke hannu, ma'aikaci yana tsaye yana nuna maka shi da murmushin da ido kawai ke nunawa. Ɗakinmu ƙarami ne, amma komai yana da wurinsa. Akwai maratayin kaya, akwai aljihun takalmi, har kofi an yi masa ramin da ba zai faɗi ba. Wanda ya tsara ɗakin nan, da na gan shi da na ba shi hannu. Na sa ƙaramin akwatin a saman kabad, ban taɓa makullinsa ba.

Da yamma jirgin ya yi wani ƙugi mai shiga ƙirji, muka tashi. Muna tsaye a can sama muna kallon ƙasa tana ja da baya. Mutanen da suka daɗe a kulle cikin ɗaki, yau ga ruwa iya ganinsu. Wata tsohuwa 'yar Sin da ke kusa da mu ta sauke takunkuminta ta shaƙi iska, sai hawaye. Ba wanda ya yi mata dariya. Sallah ce ta ɗan ba mu aiki, don alƙibla ba ta zama wuri ɗaya. An ware ɗan ɗaki na sallah, a nan wani dattijo Bamalaye ya ce mu duba inda take lokacin tayar da kabbara, sauran mu bar wa Allah. Abinci kuma ba ka ɗiba da kanka saboda annoba, nunawa kake a zuba maka. Akwai ɓangaren halal daban. Bazazzagen ya nuna kaza, ya nuna kifi, ya nuna rago, har mai zubawar ya tambaye shi mutum nawa ne.

Washegari da safe muka wayi gari a Penang. An ba mu izinin sauka zuwa azahar. Tsohon gari ne mai ƙananan tituna da gidaje masu tagogin katako, wasu shagunan har lokacin a rufe suke. Mun hau keken da mutum ke tuƙawa daga baya, fasinja a gaba. Mai keken tsoho ne, har na ji nauyin zama yana wahala, amma ya ce mu ne baƙin farko da ya ɗauka a makon. Mun ci nasi kandar, shinkafar da ake kwarara wa miya kala-kala a faranti ɗaya. Tana da daɗi, sai dai ni na fi son kowace miya ta san matsayinta. Ban bari mun yi nisa ba. Hankalina yana kan daren kwalliya, don a ranar ne.

Bayan la'asar jirgi ya sake ɗaukar hanya. Na yi wanka, na wanke hannu, na shimfiɗa sabon tawul a gado, na sauko da akwatin. Maiɗakina tana gaban madubi ta fito da leshinta da babban ɗankwalin da za ta ɗaura. Na yi bisimilla na kwance leda ta farko. Ina kwance ta biyu wani wari ya buge ni, irin na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Na ɗaga rigar. Fumfuna ce. Ta bi gefen ninkin nan ta yi toka-toka, wani wurin kore, wani wurin ɗige-ɗigen baƙi.

Na zauna a bakin gado. A Kano za ka ajiye shadda a akwati har yaron da aka haifa ya shiga makaranta, ka fito da ita kamar jiya aka buga. A nan kuwa ko takalmin fata ka manta a lungu sai ya yi gashi. Na san haka. Tunanina shi ne leda za ta tare danshin, ashe rufe shi na yi a ciki tare da rigar. Maiɗakina ta sha ce min in riƙa shanya ta, ina cewa ba a warware ta. Ta zo ta duba, ta dube ni. Ba ta tuna min ba. Cewa kawai ta yi, “Malam, miƙo min buroshin haƙorin nan sabo.”

Mai gyaran ɗakinmu, wani ɗan Indonesiya mai fara'a, ya leƙo da tawul ya ga halin da ake ciki. Ya ce, “Boleh, boleh,” wato zai yiwu. Zai kai ɗakin wanki a wanke, a bi ta da tururi, duk wannan lanƙwasar ma ta miƙe sumul, gobe a kawo. Na rungume rigar. Na farko, gobe ba ta da amfani. Na biyu, lanƙwasar da yake son kashewa ita ce kwalliyar. Na yi masa godiya, ya fita yana mamaki.

Bazazzagen ya shigo da matarsa. Yana jin warin ya ja takunkuminsa sama.

“Bakano ke nan. An ba ka riga ka sa, ka mai da ita jari kana jira ta yi tsada. To ga riba ta fito, har da ganye.”

“Kai dai rufe maɓallin kwat ɗinka tukuna,” na ce masa, don na ga ya gwada ta, tumbin kulle ya hana ta haɗuwa.

“Wannan ai salon bana ne. Tashi, bawana, mu ga iya ɓarnar.”

Muka warware ta gaba ɗaya, karo na farko tun daga Kano. Allah ya taimaka, ƙirjin da aikin yake a can cikin ninki yake, bai taɓu ba, fari fat. Ɓarnar tana gefen hannuwa biyu, ta fi yawa a hagu. Maiɗakina ta durƙusa a ƙasa da buroshi tana kaɗe tokar a hankali, a bushe, don ruwa zai kashe ƙyallin. Tokar tana fita, ɗigon baƙin ne ya ƙi. Ni ina tsaye a kanta ina cewa nan, sai nan, saura can.

Sai lasifika ta yi magana, ana tuna wa fasinjoji cewa hoto da kyaftin bayan magariba ne. Na waiwaya na ga ɗankwalinta a kan kujera ko warware shi ba a yi ba. Irin ɗaurin nan yana cin lokaci, kuma ta yi makonni tana koyonsa a waya. Na dubi wadda aka yi rigar saboda ita, ga ta a durƙushe, gumi a goshinta. Na ce, “Dakta, ajiye buroshin nan. Tashi ki shirya.” Ta ce saura kaɗan. Na ce, “Ranarki ce. Ba ni.” Na karɓa na ƙarasa da kaina.

Saura wari. Turaren wuta yana can tasha a hannun masu bincike. Bazazzagen ya ce babu abin da ya kai iska, muka ɗauki rigar muka hau can ƙololuwar jirgin. Ya kama hannu ɗaya, na kama ɗaya, muka buɗe. Wanda bai taɓa buɗe babbar riga a tsakiyar teku ba bai san girmanta ba. Iska ta shige ta, ta cika ta tim, ta fara jan mu zuwa bakin ƙarfe. Na ji ƙafata tana zamewa.

“Riƙe! Kada ka saki!”

“Ni zan saki? Kai dai in za ka tashi sama ka bar min makullin ɗaki!”

Hular da ke kaina, ta yau da kullum, ta tashi ta yi juyi biyu ta faɗa teku. Ko kallonta ban yi ba. Mutane suka taru suna ɗaukar mu a waya, yara suna tafi. Wani ma'aikaci ya rugo ya kama ƙasan rigar, ya ja mu bayan wani bango inda iskar ta yi sauƙi. A nan muka tsaya da ita, rana tana dukanta, har warin ya ragu sosai. Karin ninkin da na yi ta tsaro kuwa, iska ta tafi da rabinsa. Abin mamaki, dariya na samu kaina ina yi.

Bayan magariba na shirya bi da bi: wando, 'yar ciki, babbar riga, hular zanna. Maiɗakina ta shafa min humrarta a ciki. Sannan muka naɗe hannuwan rigar muka ɗora a kafaɗa yadda aka saba, sai dai mun juya ɗigon ya koma ciki. In dai ban ɗaga hannun hagu ba, babu mai gani. Ita kuwa lokaci bai ishe ta babban ɗauri ba. Ta sa leshinta ruwan zuma, ta yi lulluɓi da mayafi mai laushi, shi ke nan. Ta ce ba komai. Na san da komai.

Zauren ya cika maƙil. Fitilu kamar an zubo taurari, masu goge suna kiɗa a hankali. Malayawa sun sha rigunansu masu sheƙi da ɗan zanen da maza ke ɗaurawa a ƙugu, matan Indiya da dogon zanensu na sari, 'yan Sin da jajayen riguna, ga masu kwat da ɗan ƙullin wuya. Wasu har takunkuminsu kalar kayansu ne. Da muka sauko daga matakala sai na ga ana buɗa mana hanya. Ina tafiya a miƙe, kafaɗa ba motsi, su suna zaton ƙasaita ce, ni kuwa fumfuna nake gadi. Wani mutum ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi Bazazzagen ko ni wani babba ne a ƙasarmu. Ya ce masa, “Sosai. Duk kayan ma'aikatarsu a hannunsa suke.”

Layi ya zo kanmu. Kyaftin dogo ne da fararen kaya, yana tsaye ɗan nesa saboda doka. Mai hoto ya ce mu sauke takunkumi na ɗan lokaci. Sai matar Bazazzagen ta ce, “Yaya, tsaya.” Ta buɗe jakarta ta fito da hular nan mai taushi da igiyar zinare, wadda masu digiri na uku ke sawa. Ashe haya ta ɗauko a wani shago kusa da jami'a, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ɗora wa maiɗakina a kan mayafin, ta zauna daram. Da ta yi babban ɗaurin nan, da babu inda hular za ta zauna.

Kyaftin ya tambaya, Bazazzagen ya yi masa bayani da Turancinsa mai yawa. Kyaftin ya juya ya faɗa wa zauren cewa ga wadda ta gama digirin dakta a cikin kulle, ba a yi mata taro ba. Jama'a, zauren nan gaba ɗaya ya ɗauki tafi. Waɗanda ke zaune suka miƙe. Tsohuwar nan ta jiya tana ta ɗaga mata hannu. Maiɗakina ta rufe baki, idonta ya cika. Ni ma na manta, na ɗaga hannu biyu ina tafi, hannun rigar na hagu ya zame ya sauko har ƙasa. A daidai nan mai hoto ya danna.

Ya sake ɗaukar wani bayan na gyara. Abincin daren kala-kala aka riƙa kawowa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cokalinsa, tsarin da ya burge ni ƙwarai. Na ci da hannun riga a sake. Babu wanda ya dubi ɗigon.

Da safe muka iso Port Klang. Bazazzagen ya karɓi dutsen gugarsa, muka kama hanya cikin ruwan sama, muka sauke su, muka iso Wangsa Maju. Hotuna biyu ne a hannunmu. A na biyu na tsaya tsaf, komai a wurinsa. A na farko rigata ta zube gefe ɗaya, ɗigon yana nan ga mai lura, amma ita tana dariya da hawaye, ga mutane a tsaye a bayanmu. Na farkon na tura wa ƙanenta.

Ba a jima ba waya ta shigo. Ƙanen ya ce Baba ya daɗe da hoton a gaban idonsa, yana matsar da shi. Sai muka ji muryarsa.

“Na ga Uwata. Na ga hular. Waɗancan na baya duk saboda ita suka tashi?”

Na ce, “Saboda ita ne, Baba.”

Ya yi hamdala. Ni kuma ban iya barin magana rabi ba. Na ce, “Baba, rigar danshi ya taɓa ta. Rufe ta na yi, ban taɓa buɗewa ba.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Ni ban ga wannan ba, idona bai kai can ba. Ni ma da aka rufe ni a gida lokacin kulle sai da gwiwata ta riƙe. Ka riƙa sa ta tana shan iska. Allah ya yi muku albarka.”

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan kaɗan ne. Teku tana da girma, Penang tana da daɗin abinci, kuma duk wanda ya zo ƙasar nan da shadda ya raba ta da leda. Sai kuma wannan: na tsare riga har na kusa rasa ta, na tsare ranar da ta dace har idon dattijo ya kusa rigan mu tafiya. Juma'ar da ta biyo baya na sa farar shaddar, na shiga jirgin ƙasa zuwa masallacin Kampung Baru. Ta cika kujera biyu, wani ya taka min gefenta, ko a jikina.